Saukar Na'urori A Duniyar Wata: Tsakanin Masu Ƙaryatawa Da Masu Ƙarin Gishiri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci rana da wata Ya sanya kowannensu a kan tafarkinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a yammacin Juma'a, 28 ga Fabrairu, 2025, Musulmi sun ɗaga kai sama suna neman jinjirin watan Ramadan. Bayan kwana biyu, ranar Lahadi 2 ga Maris, wani kumbo marar matuƙi mai suna Blue Ghost, mallakar kamfanin Firefly Aerospace na jihar Texas a Amurka, ya sauka daram a kan wannan watan da muka gama dubawa, ɗauke da na'urori 10 na hukumar NASA. Ranar 6 ga Maris wani kumbon mai suna Athena, na kamfanin Intuitive Machines, ya isa kusa da ƙuryar kudancin wata, amma ya faɗi a gefensa cikin wani rami, aikinsa ya ƙare washegari. Shi kuwa Blue Ghost ya yi kimanin kwana 14 yana aiki. Ranar 14 ga Maris, yayin da ake kallon husufin wata a nahiyar Amurka da wasu sassan duniya, ya ɗauko hoton abin daga can, inda duniyarmu ce ta shiga tsakani ta rufe masa rana.

Hotunan sun zagaya wayoyin jama'a a tsakiyar azumi, kuma tambayoyi sun biyo mu har bakin masallaci bayan an tashi daga tafsiri. Da muka saurari maganganun mutane, sai muka ga yawancinsu sun kasu gida biyu. Wasu sun ce ƙarya ce tun daga tushe, babu wanda ya taɓa zuwa wata, jiya ko yau. Wasu sun ce an je, har ma wanda ya fara taka shi ya ji kiran salla a can ya musulunta. Kowane ɓangare yana ganin addini yake karewa. Ra'ayinmu shi ne duka biyun ciwo ɗaya ke damunsu, wato yanke hukunci a kan labari kafin a bincike shi, kuma wannan ciwo yana da farashin da matasanmu ne za su biya.

Abin da dattawa suke tunawa

Mu da aka haifa bayan an gama tafiye-tafiyen Apollo, a bakin iyaye muka ji labarin. Ranar 20 ga Yuli, 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a wata, abokinsu Michael Collins yana kewayawa a sama yana jiransu. An ƙiyasta mutum miliyan 600 ne suka kalla ta talabijin a faɗin duniya. A nan kuwa Nijeriya tana tsakiyar yaƙin basasa, talabijin sai gidan wane da wane, don haka ta akwatin rediyo labarin ya iso wa mafi yawan mutane. Dattawa suna ba da labarin yadda aka yi ta gardama a zaure da majalisa, wasu suna cewa Nasara sun yi abin mamaki, wasu suna cewa shaci-faɗi ne irin na masu mulkin duniya. Mutumin da bai ga hoto ba, ba shi da hanyar bincike, kuma labarin ya zo masa daga bakin waɗanda suka mulke shi da ƙarfi shekarun baya kaɗan, yana da uzuri idan ya yi shakka.

Akwai wani abu da da yawa daga cikinmu ba su sani ba. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da ta kafa a sassan duniya don shirinta na Mercury, wanda a ƙarƙashinsa John Glenn ya kewaya duniya a watan Fabrairun 1962. Haka nan ranar 23 ga Agusta, 1963, Shugaba John Kennedy ya yi magana ta waya da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta hanyar tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. Ashe tun matakin farko na wannan tafiya ƙasarmu tana cikin labarin, ko da yake a matsayin mai ba da masauki.

Kuma kafin mutum ya taka wata, na'urori ne suka share masa hanya. Kumbon Tarayyar Sobiyat, Luna 2, ya daki wata a 1959, a shekarar kuma Luna 3 ya ɗauko hoton bayan wata, ɓangaren da ba ya taɓa fuskantar duniya. Luna 9 ya sauka lafiya a Fabrairun 1966, Surveyor 1 na Amurka ya biyo baya a watan Yuni. Daga 1969 zuwa Disamban 1972 mutum 12 suka taka wata a tafiye-tafiye 6, suka dawo da duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382. A 2025 huɗu ne suka rage a raye cikinsu, duk sun tsufa ƙwarai. Bayan Luna 24 na Sobiyat a 1976 sai aka yi shiru na shekara 37, har ƙasar Sin ta saukar da Chang'e 3 a Disamban 2013.

Tambayar da ta fi kowace ƙarfi

Hujjar da masu ƙaryatawa suka fi riƙewa a yau ita ce: idan da gaske an kai mutum wata a 1969, lokacin da babu wayar hannu, me ya sa na'urorin zamani suke ta faɗuwa? Tambaya ce ta hankali, kuma ta cancanci amsa ta hankali.

Faɗuwar kam gaskiya ce. Kumbon Isra'ila, Beresheet, ya tarwatse a Afrilun 2019. Na Indiya ya yi hatsari a Satumban wannan shekarar. Na kamfanin ispace na Japan ya faɗi a Afrilun 2023, ɗauke da ƙaramar motar bincike ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai suna Rashid. Luna 25 na Rasha ya tarwatse ranar 19 ga Agusta, 2023. SLIM na Japan ya sauka a Janairun 2024 amma a kife. Odysseus na Amurka ya sauka ranar 22 ga Fabrairu, 2024, ƙafarsa ta karye ya jirkice.

Dalilin farko yana cikin yanayin watan kansa. Babu iska a can, don haka lemar sauka ba ta da amfani. Kumbon da ke kewaya wata yana gudun da ya haura kilomita 5,000 a awa guda, kuma da wutar injinsa kaɗai zai rage wannan gudu har ya zauna a hankali. Nisan wata daga duniya kimanin kilomita 384,400 ne, saƙon rediyo yana ɗaukar fiye da daƙiƙa guda kafin ya isa, sannan wata daƙiƙar kafin amsa ta dawo. A mintocin ƙarshe babu wanda zai iya tuƙa kumbon daga ƙasa, dole kwamfutarsa ta ga rami da dutse ta yanke shawara da kanta. A Apollo 11 kuwa mutum ne a ciki. Da Armstrong ya ga kwamfuta tana nufar da su wani fili mai manyan duwatsu, sai ya karɓi tuƙin da hannunsa ya ƙara gaba, suka sauka mai yana dab da ƙarewa.

Dalili na biyu kuɗi ne. Shirin Apollo ya ci kimanin dala biliyan 25 a kuɗin wancan zamani, mutum kusan 400,000 suka yi masa aiki, kuma a 1966 hukumar NASA tana karɓar kusan kashi 4 cikin 100 na kasafin kuɗin gwamnatin Amurka, saboda tsere ne da Sobiyat a lokacin yaƙin cacar baka. Da aka ci tseren sai 'yan siyasa suka janye kuɗin. Kumbunan yau yawancinsu na ƙananan kamfanoni ne da ke aiki da kuɗi kaɗan, wasunsu kuma suna nufar ƙuryar kudu, inda ƙasa take da ramuka, rana take ƙasa-ƙasa, inuwa take da tsawo. Suna zuwa can ne saboda alamun ƙanƙara a ramukan da rana ba ta taɓa shiga, wadda ake fatan a samu ruwan sha da man kumbo daga gare ta. Wani lokaci kuma kuskuren ɗan'adam ne tsagwaronsa. An manta ne ba a kunna wani makunnin na'urar auna nisa ta Odysseus ba kafin a harba shi.

Dalili na uku shi ne mun manta faɗuwar da aka yi a baya. Sobiyat ta yi ta asarar kumbuna kafin Luna 9 ya dace. Kumbunan Ranger guda 6 na farko na Amurka duk sun gaza, kuma cikin Surveyor 7 da aka harba, 5 ne suka sauka. Ana tuna nasara, ana mance tarkacen da aka tattaka kafin a kai gare ta.

Sannan shaidun zuwan Apollo ba a hannun Amurka kaɗai suke ba. Sobiyat, wadda ta fi kowa son a ce ƙarya ce, tana bibiyar tafiyar da na'urorinta kuma ba ta musa ba. An raba samfurin duwatsun ga ɗakunan bincike na ƙasashe da dama. Madubban da 'yan sama-jannati suka bari a can har yau ana harba musu haske daga duniya yana dawowa, ana auna nisa da shi. Kumbon Indiya, Chandrayaan-2, da ke kewaya wata, ya ɗauko hoton wurin da Apollo 11 ya sauka a 2021, ga ƙasan kumbon nan a zaune. Ƙasar Sin, wadda ba ta ga-maciji da Amurka a wannan fage, ta dawo da ƙasar wata gram 1,731 a Disamban 2020, sannan a Yunin 2024 ta dawo da kusan kilo 2 daga bayan wata. Yana da wuya hankali ya ɗauka cewa abokan gaba huɗu sun haɗa baki a kan ƙarya guda na tsawon fiye da shekara 50.

Shin addini ya hana?

Wasu suna ƙaryatawa ne don suna ganin nassi ya rufe ƙofar. Suna cewa Alƙur'ani a Suratu Nuh ya ambaci wata a cikin sammai, sammai kuwa suna da ƙofofi da masu tsaro, kamar yadda hadisin Mi'iraji ya nuna. Wannan shubuha an amsa ta tun lokacin da abin yake sabo. Sheikh Abdul'aziz bin Baz, Allah Ya yi masa rahama, ya rubuta risala a kan mas'alar, inda ya bayyana cewa kalmar sama a harshen Larabci tana ɗaukar duk abin da yake bisa, kuma babu nassi a Alƙur'ani ko Sunna da ya kore yiwuwar isa ga wata. Ya kuma yi gargaɗi cewa kada a gaskata ba da hujja ba, kada a ƙaryata ba da hujja ba, kuma kada a kafirta wanda ya gaskata. Wannan ita ce ƙa'idar da Suratul Hujurat ta ɗora mu a kai game da labarin da ya zo daga wanda ba a amince da shi ba. An umarce mu da bincike ne, ba a umarce mu da toshe kunne ba.

Haka nan saukar na'ura a wata ba ta taɓa hukuncin azumi ko Salla ba. Shari'a ta rataya shigar wata ne ga ganin jinjiri daga doron ƙasa ko cika ƙidaya 30. Ko da an gina gari a can, mu da muke nan da idonmu da shaidunmu za mu ci gaba da dubawa.

Ƙaryar da ake yi wa addini don sonsa

Ɓangare na biyu ya fi ba mu tsoro, domin daga kan mumbari ake jin sa. Da yawanmu mun taso muna jin cewa Armstrong ya ji wani sauti a wata, daga baya ya je Masar ya ji kiran salla ya gane shi ne, ya musulunta. Labarin ya yaɗu a ƙasashen Musulmi a farkon shekarun 1980, har Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwar ƙaryatawa a 1983. Shi kansa mutumin ya musa, kuma ya rasu a Agustan 2012 ba tare da ya canja magana ba. Ga shi kuma sauti ba ya tafiya inda babu iska.

Ɗan'uwan wannan labari shi ne hoton wani dogon kwari a fuskar wata da ake yaɗawa, ana cewa NASA ta tabbatar da tsagewar wata. Kwarin yana nan, akwai irinsa da dama, amma masana suna danganta su da aman wuta da motsin ƙasar wata, kuma hukumar ba ta taɓa faɗin abin da ake jingina mata ba. Mu mun yi imani da tsagewar wata a zamanin Manzon Allah (SAW) domin Alƙur'ani ya buɗe Suratul Ƙamar da ita, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito ta daga sahabban da suka gani. Wanda ya ce sai NASA ta sa hannu kafin zuciyarsa ta natsu, ya ɗora shaidar hukumar gwamnati a bisa shaidar wahayi ba tare da ya sani ba.

A nan haɗarin yake. Yaron da ke zaune a gabanmu yau yana da waya a aljihu, kuma cikin minti biyu zai gano cewa labarin Armstrong ba shi da asali. Idan ya kama malaminsa da ƙarya a abin da yake iya bincikawa, da wane ido zai kalli maganarsa a kan kabari da hisabi, waɗanda ba ya iya bincikawa? Malaman hadisi sun fuskanci irin wannan tun da daɗewa. An samu masu ƙirƙirar hadisai don kwaɗaitar da mutane ga ibada, suna cewa don addini suke yi, amma malamai suka ƙi karɓa, suka lissafa su cikin mafi cutarwar maƙaryata saboda mutane suna amince musu. Al'ummar da ta gina ilimin isnadi, ta auna kowane mai ruwaya da ma'aunin gaskiya da ƙarfin hadda, bai kamace ta ta riƙa tura saƙon WhatsApp marar tushe don kawai yana faranta rai ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma addinin gaskiya ba ya bukatar a tokare shi da ita.

Gaskiyar da ta fi tatsuniyar daɗi

Da mun bar ƙirƙira, akwai abin faɗa na haƙiƙa. Masanin duwatsu ɗan ƙasar Masar, Dakta Faruk Al-Baz, yana cikin waɗanda suka zaɓi wuraren da kumbunan Apollo suka sauka, kuma ya horar da 'yan sama-jannatin yadda za su karanta fuskar wata. A taswirar wata akwai ramuka masu ɗauke da sunayen Al-Battani, da Ibnul Haisam, da Al-Biruni, da Abdurrahman As-Sufi, da Nasiruddin At-Tusi. Masana taurari na wasu al'ummomi ne suka sanya sunayen, don girmama aikin da suka gada. Abin da ya kai waɗannan malamai ga wannan matsayi ya haɗa da bukatun ibada kansu, wato sanin alƙibla, da lokutan salla, da lissafin watanni. A zamaninmu Yarima Sultan bin Salman ya shiga sararin samaniya a 1985, kuma da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya tafi tashar sararin samaniya cikin Ramadan na 2007, malaman ƙasarsa sun zauna da masana sun tsara masa yadda zai yi salla da azumi. Haka fiƙihu mai rai yake fuskantar sabon al'amari.

Mu kuma duba Indiya. Ta faɗi a 2019, ta koma ta gyara, ranar 23 ga Agusta, 2023, Chandrayaan-3 ya sauka kusa da ƙuryar kudu, a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala miliyan 75. Yara a makarantu sun kalla kai tsaye, gwamnati ta mayar da ranar ta zama ranar sararin samaniya ta ƙasa, Firayim Minista Narendra Modi kuma ya raɗa wa wurin suna daga addininsa. Ranar ta yi daidai da cika shekara 60 cif da wayar Kennedy da Tafawa Ɓalewa. Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniyarta a 1999, ta mallaki tauraronta na farko a 2003, ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis a Disamban 2022. Amma a garuruwanmu har yanzu akwai makarantun sakandare da ɗalibi zai gama bai taɓa ganin ɗakin gwaji mai aiki ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Masu cewa ina amfanin zuwa wata ga mai jin yunwa, maganarsu tana da nauyi, kuma ciyar da mayunwaci yana gaba. Amma ilimin da ke saukar da na'ura a wata shi ne ke hasashen damina ga manomi, da gargaɗin ambaliya, da sadarwar wayar da muke gardamar da ita.

Abin da ya rage gare mu

Nasiharmu ta farko ga kanmu ce, mu masu hawa mumbari. Kada mu faɗi labarin kimiyya sai mun san tushensa, kamar yadda ba ma karanta hadisi sai mun san darajarsa. Wanda ya taɓa faɗin labarin Armstrong a wa'azi, ya koma wa jama'arsa ya gyara, wannan zai ƙara masa daraja ne a idon masu hankali. Ga iyaye kuma, yaron da ya nuna son lissafi da kimiyya a ƙarfafa shi tare da karatun allonsa, domin malamai sun sanya ilimin da al'umma ke bukata cikin farillan da idan kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Sannan mu ajiye abin a matsayinsa. Wata shi ne mafi kusa da mu cikin halittun sama, haske yana isa gare shi cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, alhali tauraro mafi kusa bayan rana haskensa yana ɗaukar fiye da shekara 4 kafin ya iso mu. Duk ƙoƙarin manyan ƙasashe na shekara 60 bai wuce bakin ƙofa ba. Wannan ya isa ya hana mai ilimi girman kai, ya kuma hana mumini tsoro.

Duk ƙarshen Ramadan mukan sake fita neman jinjirin Shawwal. A kan wannan siririn hasken akwai sawun mutum 12 da tarkacen na'urorin ƙasashe da dama, kuma yana nan yana bin masaukansa kamar yadda Mahaliccinsa Ya ƙaddara masa, bai gabata ba bai jinkirta ba. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Allah ne Mafi sani.